Ina so in sa kuɗi a kamfanonin waya ko na 5G, ta ina zan fara?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Shekarata 9 ina sayar da waya a Farm Centre, Kano. Na tara naira miliyan 3 da ba na so in mayar cikin shago, don kaya sun yi tsada, ciniki kuma ya ja baya. Kullum Tecno da Infinix da itel ake tambayata, yanzu har samari sai sun juya kwali sun duba ko an rubuta 5G kafin su taya. Tunda duka ukun na kamfanin Transsion ne, sai na ce me zai hana in sayi hannun jarinsa? Ko kuwa MTN da Airtel sun fi? Kuɗin gumina ne, don Allah wanda ya sani ya haska mini.

Baban Ummi:
Wa alaikumus salam. Transsion a kasuwar hannun jari ta Shanghai yake tun 2019, kuma shiga can daga nan ba ƙaramin aiki ba ne ga irinmu. Xiaomi yana Hong Kong, Samsung yana Koriya ta Kudu, Huawei kuwa ba a sayar da hannun jarinsa a kasuwa sam. Apple ne mai sauƙin samu ta manhajojin da ke saya a Amurka, shi ma da dala.

Amma ka tsaya tukuna. Kai ɗan kasuwar waya ne, ka san lokacin da kowane aljihu Nokia ce a ciki, ta faɗi a ƙasa batir ya yi gefe, a haɗa ta ci gaba da aiki. A 2014 kamfanin ya sayar wa Microsoft da sashen wayoyinsa. BlackBerry ma haka ta shuɗe. Yawan cinikin da kake gani a teburinka bai gaya maka ribar da ke saura bayan an biya masu ƙera ƙwaƙwalwar waya irin su MediaTek da Qualcomm ba, kuma ƙananan wayoyi ribarsu siririya ce.

Maman Sadiq:
Ɗan'uwa, ni MTN na saya, bari in faɗa maka abin da na gani. A gwanjon da hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta yi a Disambar 2021, MTN da wani kamfanin sadarwa mai suna Mafab kowanne ya biya dala miliyan 273.6 kuɗin lasisin 5G kawai, ba a zo maganar turaku da dizal ba. Kashewa da dala, karɓa da naira. Da naira ta faɗi a 2023 MTN ya tafka asara, a 2024 asarar ta kai kusan naira biliyan 400, aka daina raba riba, alhali mutane ba su fasa sayen data ba. Sai da aka amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 na kuɗin kira da data a Janairun 2025 abubuwa suka daidaita. Na riƙe nawa don ba na buƙatar kuɗin a lokacin. In ka san haya ko kuɗin makaranta zai ci miliyan 3 ɗin nan baɗi, kada ka sa duka.

Abu Hanif:
Ka duba bashin ruwan da ke kan kamfani kafin ka saya. Akwai NGX Lotus Islamic Index, jerin kamfanonin kasuwar hannun jari ta Najeriya (NGX) da aka tace bisa Shari'a, ana sabunta shi lokaci-lokaci.

Ɗan Kwari:
Duk wanda ya turo maka manhaja ya ce "zuba a 5G, kullum riba", gudu. Kamar CBEX ne, manhajar damfarar nan da ta cinye kuɗin mutane. Dillali mai rajistar SEC (hukumar da ke kula da kasuwar hannun jari) kawai, kuma a buɗe maka asusun CSCS, inda ake ajiye hannun jarin da ka saya, da sunanka.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Hajiya, maganarki ta shige ni, don haya na nan tafe a watan Maris. Zan ware miliyan 1 in fara da shi a nan gida, sauran in bar su a shago. Shi asusun CSCS ɗin, BVN da NIN sun isa, ko sai na je ofishin dillalin da kaina?