Wai "climb down" kuskure ne a Turanci?

Baban Khalifa: Assalamu alaikum 'yan uwa. Malaman Turancin gidan nan, ku raba mana gardama. Yarona ya rubuta "The boy climbed down from the tree" a aikin gida, malaminsu ya zabga masa jan biro. Ya ce climb hawa ne, down kuma ƙasa, wai kamar mutum ya ce "na hau ƙasa". Ni maganar ta shige ni, amma uwar yaron ta dage ita ta sha gani a littattafai.

Malam Ɗan Zariya: Wa alaikumus salam. Malamin ya yi daidai. Hawa climb, sauka come down ko descend. Haka aka koya mana, haka muke koyarwa. Kalma ba ta zama hawa kuma ta zama sauka a jimla ɗaya.

Anti Lakcara: Allah gafarta Malam, a nan kam ban bi ka ba. Jimlar yaron lafiyarta lau. Duk wanda ke da ƙamus ɗin Oxford Advanced Learner's a gida ya buɗe climb, zai ga ma'anarta ba ɗaya ba ce. Akwai ta zuwa sama, akwai kuma ta tafiya da kama nan kama can, hannu da ƙafa duk suna aiki, ko ina aka dosa. Shi ya sa Bature yake cewa climb through the window, climb over the wall, climb out of the car. Wanda ya fito daga mota ai ba sama ya nufa ba.

Malam Ɗan Zariya: Hajiya, ƙamus na zamani duk abin da ya ji a bakin mutane kwasa yake yi. Don yana ciki ba shi ne ya zama Turanci mai kyau ba.

Anti Lakcara: To Malam, in ba bakin masu harshen ba, a ina za mu samo Turanci mai kyau? Kuma wannan kalmar ba yau aka fara tankiya a kanta ba. Masana harshe biyu na Amurka, Charles Fillmore a 1982 da Ray Jackendoff a 1985, duk sun yi rubutu a kanta. Abin da suka nuna shi ne climb tana ɗauke da abu biyu: dosar sama, da kuma wannan kame-kamen na gaɓoɓi. In an samu duka biyun, kamar yaro yana hawa mangwaro, to ita ce cikakkiyar climb. In ɗaya kawai aka samu, har yanzu ta zauna. Jirgin ƙasa ba shi da hannu ba shi da ƙafa, amma ana cewa "the train climbed the hill", saboda sama ya nufa. Biri kuma ƙasa ya nufa, amma ana cewa "the monkey climbed down", saboda yana kama reshe yana saki. Inda maganar take lalacewa shi ne a rasa duka biyun. "The train climbed down the hill" ba ta zama a kunnen Bature, tunda ba sama, ba kuma kame-kame.

Injiniya: Kai, wannan bayani ya warware min wani abu. A harkar jiragen sama matuƙi climb yake ce wa ɗagawa, sauka kuma descend, ba za ka ji climb down ba. Ashe don jirgi ba shi da hannuwa ne.

Malam Ɗan Zariya: Yauwa, ka ga Injiniya ya kawo min hujja. Inda ake tsoron kuskure, ana maganar rayuka, descend suke cewa.

Injiniya: A'a Malam, kada ka ja ni ɓangarenka. Yaron Baban Khalifa ba jirgi ba ne, a kan bishiya yake.

Maman Ilham: Ni abin da na gani, Hausar ce ta ruɗe mu. Mun ɗauka climb ita ce "hau" sak, alhali ba kansu ɗaya ba. Mu fa komai hawansa muke yi: mu hau doki, mu hau mota, mu hau jirgi, liman ya hau mumbari, sarki ya hau gadon sarauta, gwamna ya hau mulki. Bature kowanne da kalmarsa: ride a horse, get on the bus, board the plane, come to power. Sarauniya Elizabeth da ta hau gado a 1952, ascend the throne ake cewa, da ka ce ta yi climb sai a zaci ta tattare zani ta ɗare kujera. In malamin nan jan biro yake son ja, ga inda zai ja shi, wato "I climbed okada to school" da yaranmu suke rubutawa kullum.

Ɗan Maraɗi: Mu nan Faransanci ya ɗan rufa mana asiri, don monter kusan "hau" ce: monter à cheval, monter dans la voiture. Hawa mai wuya, irin na bishiya ko katanga, shi ne grimper. Sauka kuwa descendre, ba gardama. Turancinku ne ya cusa biyu a kalma ɗaya.

Malam Ɗan Zariya: To bari in yi tambaya, Hajiya Lakcara. In na ce "He climbed the ladder" kawai, ban ƙara komai ba, sama ya tafi ko ƙasa?

Anti Lakcara: Sama, Malam. Wannan na ba ka. In climb ta zo ita kaɗai da abin da aka hau, tsani ko dutse ko bishiya, to hawa ne ba tantama. Sai an sa mata down, ko out of, ko across, sannan hanya take canzawa.

Malam Ɗan Zariya: Ashe asalinta hawa ne kenan. To me zai sa in bar ɗan JSS ya shiga wannan daji? Ga come down, ba mai ja da ita a WAEC ko NECO. In ya girma ya shiga jami'a sai ya koyi su Fillmore.

Maman Ilham: Malam, koya wa yaro hanya mai sauƙi daban, cewa daidai ɗinsa kuskure ne daban. Kuma come down ba ta faɗi abin da yaron ya faɗa ba. Mu ma a Hausa ai ba "sauko" kaɗai muke da ita ba. Yaro zai iya dirowa daga bishiya, zai iya sulalowa ta jikinta, zai iya faɗowa, zai iya saukowa a hankali yana taka rassa. Come down ta haɗe su duka. Climb down ta ware na ƙarshen, ta ce mana ba dira ya yi ba. Yaron nan ya zaɓi kalmar da ta fi dacewa, aka hukunta shi a kai.

Baban Khalifa: To in mutum yana saukowa daga bene fa, ko matakalar Dutsen Dala? Ita ma climb down ce?

Anti Lakcara: Yaya, a matakala ta yau da kullum come down ko go down sun fi daɗi, tunda tafiya ce kawai ba kame-kame. Amma tsanin katako na magina, ko wanda ke shiga rijiya yana taka ramukan gefe, ko mai saukowa daga saman lodin tirela, nan climb down ce gidanta. Haka farashi: za ka ji "prices climbed" in kaya sun hau, amma in sun sauko fall ko drop ake cewa.

Ɗan Jarida: Ku bari in sako tawa. Jaridun Ingila suna da climbdown a matsayin suna, wato janye matsayi bayan an sha matsi. A Oktoban 2022 gwamnatin Liz Truss ta fasa shirinta na soke harajin kashi 45 cikin 100 da ake karɓa daga masu manyan kuɗin shiga, bayan kasuwa ta rikice kuma 'yan jam'iyyarta sun yi mata ca. Irin wannan ja da baya shi suke kira climbdown. Masu harshen har suna suka ƙera da ita, mu muna nan muna cewa babu. Malam Ɗan Zariya, muna jiran taka climbdown ɗin.

Malam Ɗan Zariya: Za ka daɗe kana jira, ɗan nan.

Injiniya: Tunda ana kan kalmar, wai da gaske ba a furta b ɗin ƙarshe?

Anti Lakcara: Ba a furtawa, "kilaim" ne, kamar yadda take shiru a comb da lamb. A tsohon Turanci climban ce, kuma a lokacin ana furta ta, daga baya ta mutu a baki ta saura a rubutu. Climbing da climber ma babu ita a baki.

Malam Ɗan Zariya: Wannan mun yi tarayya, kullum ina fama da yara a kai. Amma Hajiya, ƙa'idar taki akwai ɓaraka. Maciji fa? Ba hannu ba ƙafa, ya sauko daga bishiya. Climb down ya yi ko bai yi ba?

Anti Lakcara: A kan maciji su kansu Turawan bakinsu bai zo ɗaya ba. Wani zai karɓa saboda yana naɗe jikinsa yana riƙe bishiyar, wani zai ce slither down ya fi. Amma maciji ba ya wanke malamin Khalifa, yaron jimlar yana da hannu yana da ƙafa.

Baban Khalifa: To yanzu in je makarantar ne, ko in bar maganar?

Maman Ilham: Ka je, amma ba a gaban ɗalibai ba. Ka same shi shi kaɗai bayan an tashi, ka riƙe ƙamus ɗin, ka yi kamar tambaya ka zo yi. Shi da kansa zai gani ya mayar wa yaron makinsa.

Malam Ɗan Zariya: Maki a mayar masa, ban hana ba. Amma a ajina come down za a ci gaba da rubutawa har a gama jarrabawa.