Fijo 504 ta Baba ta koma bugu, me zan fara canzawa?

Ɗan Ƙofar Ƙaura: Assalamu alaikum. Fijo 504 salun ce gare ni, haɗin Kaduna, wadda na gada wurin Baba, Allah ya jiƙan shi. Inji lafiya lau. Matsalar ita ce bugu. Ko ƙaramin rami na faɗa sai na ji shi har ƙugu, Hajiya kuwa ta ce ba za ta ƙara shiga gidan baya zuwa Daura ba. Ƙanena ne ya riƙe ta kafin ni, ya sa mata rim na 505 da taya 195/60 R15. Bakanike ya ce a zubar da sifirin duka huɗu a sa sababbi. In yarda?

Tsohon Direba, Daura: Wa alaikumus salam. Yaro, kada ka taɓa sifirin tukuna. Na yi tashar Katsina zuwa Daura da 504, motar da laushinta aka san ta. Ƙanenka ne ya ɗauke mata shi. Tayarta ta asali 175 R14 ce, tsawon gefenta ya kai milimita 140, wadda ke ƙafarta yanzu 117 ne kawai. Wannan robar ta gefe ita ke fara shanye rami kafin ya kai ga shokazoba. Maida mata rim 14. Kuma ka tsaya kan mai faci da geji, don in ka ƙyale su sai su ɗura iska har 40. Ni 28 nake sawa gaba, 30 baya, in ba kaya.

Bakanike a Ƙofar Marusa: Baba Direba ya yi gaskiya, amma taya kaɗai ba za ta gama aikin ba. Danna kowace kusurwa da ƙarfi ka saki. In ta tashi ta tsaya, shokazoba na da rai. In ta ci gaba da lilo, ta mutu. Sai bushin. Su ne robobin hannuwan ƙafar baya, in sun bushe sun tsage, ƙarfe ke cin ƙarfe. A sa na roba, ba masu taurin nan ba, kuma kada a ɗaure kusoshin sai mota ta sauka daga jak ta tsaya da nauyinta, in ba haka ba sabon bushin zai murɗe ya yage. Leƙa baya ma, wasu na cusa sifirin ɗin wagon don mota ta ɗaga. Wancan na ɗaukar kaya ne.

Ɗan Ƙofar Ƙaura: Na gode Baba, na gode Oga. Shokazoba fa, mai gas ko mai mai?

Bakanike a Ƙofar Marusa: Mai gas ta fi jure zafi a doguwar tafiya.

Tsohon Direba, Daura: Ta fi tauri kuma. Hajiya yake son ya lallasa, ba tsere zai shiga ba. Sa mai mai, bibbiyu, hagu da dama tare. In ba ka samu mai kyau a Katsina ba, aika Ƙofar Ruwa a Kano.