Neman shawara: Odisiyus da ɗabi'un Girkawan dauri

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. An ba mu aikin shafi biyar kan yadda Odisiyus, gwarzon waƙar Odisi ta mawaƙi Homa, yake nuna abin da Girkawan dauri suke darajantawa. Na rubuta jarumta, wayo da riƙon amana, malam ya ce jeri ne kawai, ba hujja. Ta ina zan kama?

Amsa ta farko: Wa alaikumus salam ƙanwata. Waƙar kashi 24 ce, shafi biyar ba zai ɗauke ta ba. Kama ɗabi'a biyu, karrama baƙo da wayo, ki yada zango a kashi na 9. Nan Odisiyus ya shiga kogon Folifimus, dodo mai ido ɗaya, da mutum 12, ya roƙi haƙƙin baƙunta da sunan Zeus, babban abin bautar Girkawa. Dodon ya cinye shida, kyautar baƙuntarsa kuwa wai Odisiyus ne zai zama na ƙarshen da zai cinye. Ki ajiye wannan kusa da fadar Sarki Alkinus a kashi na 7, inda sai da baƙon ya ci ya ƙoshi kafin a tambaye shi ko wane ne. Bambancin gidajen nan biyu shi ne hujjarki.

Amsa ta biyu: A kan wayo, ki bayyana dalilin da bai soke dodon yana barci ba: dutsen da ya toshe kogon ya fi ƙarfinsu, da ya mutu da sun ruɓe a ciki. Shi ya sa ya bugar da shi da giya, ya ce sunansa Ba-Kowa don in dodon ya nemi agaji ya ce Ba-Kowa ne ya cuce shi, ya tsokale masa ido da sandan zaitun da aka gasa, suka fice maƙale a ƙarƙashin raguna. Inda ɗalibai ke zamewa shi ne su tsaya nan. Da Odisiyus ya hau jirgi sai ya ɗaga murya ya faɗi sunansa na gaskiya, da na ubansa, da garinsa Itaka, don kada aikin ya tafi ba mai shi. Da wannan sunan dodon ya kai ƙara wurin ubansa Fosaidon, abin bautarsu na teku. Son suna abin yabo ne a wurinsu, amma ga abin da ya jawo.

Amsa ta uku: Malama, kada ki auna shi da mudun yau. A kashi na 13 ya shirga wa Atina, abar bautarsu ta hikima, ƙarya, ita kuwa ta yi murmushi ta yaba masa. A kashi na 22 ya karkashe manema matarsa Fenelofi, waƙar ta ɗauki hakan sakayya ce ga baƙin da suka cinye dukiyar mai gida, har aka rataye kuyangi 12 da suka haɗa kai da su. Faɗi yadda waƙar ta ga abin, ra'ayinki ya zo daban. Kuma wurin kafa hujja ki sa lambar kashi da ta layi, don lambar shafi tana canzawa daga fassara zuwa fassara.