Ruwan Kurkure Baki da Bushewar Baki: Abin da Aka Tattauna

Ga abin da na tattaro daga bayanan 'yan'uwa kan wane ruwan kurkure baki ne ya dace da mai fama da bushewar baki:

1. Kusan kowa ya yarda: a guji mai ɗauke da barasa, ƙara busar da baki yake yi. A duba jikin kwalba kafin a saya.

2. Da yawa sun yaba mai zailitol (wani abin zaƙi da ke maye gurbin sukari), da mai fuloraid (sinadarin da ke ƙarfafa haƙora), domin idan yawu ya ragu haƙora kan yi saurin ruɓewa.

3. Ra'ayi ya rabu kan daɗewar sauƙin. Wasu na samun barci idan sun kurkure da dare, wasu sun ce kurɓar ruwa da cingam marar sukari sun fi musu.

4. Wannan ya fi damuna: wasu magungunan hawan jini da ciwon sukari na janyo bushewar. Idan ta daɗe, a ga likita, kada a daina magani da kai.