Kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukunci amma ta ce a sake shari'a: wa ya taɓa shiga wannan hali?

Mai buɗe zance: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ƙanina aka ɗaure kan zargin fashi. Muka ɗaukaka ƙara, kotu ta soke hukuncin, domin babu inda takardun shari'ar suka nuna an bayyana masa tuhumar da Hausa, alhali ba ya jin Turanci. Gida ya cika da masu barka, sai lauya ya ce mu dakata, ba sallamarsa aka yi ba, cewa aka yi a sake shari'ar gaban wani alƙali. Har yau yana tsare. Don Allah wanda ya taɓa gani ya faɗa mana abin da ya biyo baya.

Tsohon tafinta: Wa alaikumus salam. Allah Ya fitar da shi. Na daɗe a wannan aiki. Sashe na 36(6) na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce dole a sanar da mutum laifin da ake tuhumarsa da shi cikin harshen da yake fahimta, a kuma ba shi tafinta kyauta. Na sha ganin an karanta caji da sauri, mutum ya kalli ɗan sandan da ke gefensa, ya gyaɗa kai kawai, a rubuta ya amsa laifi. Wallahi abin yana ci mini rai. Hukunci irin naku shi ne ke sa ƙananan kotuna su nutsu.

'Yar'uwa daga Gusau: Ni ta ɗaya ɓangaren nake. Mijin yayata aka kashe. Da aka ce a sake shari'ar daga farko, shaida ɗaya ya rasu, wani ya bar gari, ɗan sandan da ya yi bincike an yi masa canjin wurin aiki. Yaya ta koma zaman kotu tana sake jin yadda aka kashe mata miji. Ban ce a tauye haƙƙin kowa ba, amma sakacin ba namu ba ne, mu kuma muka ɗauki nauyinsa.

Lauya a Kaduna: Hajiya, Allah Ya jiƙansa, kina da gaskiya. Mu ma mun ji a jikinmu a 2020, lokacin da Kotun Ƙoli ta rushe shari'ar da aka ɗaure tsohon gwamnan jihar Abiya, Orji Uzor Kalu, shekara 12 a cikinta. Dalili kuwa, Mai Shari'a Mohammed Idris ya yanke hukuncin bayan an ɗaga shi zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara, Kotun Ƙoli kuma ta ce sashe na 396(7) na dokar gudanar da shari'o'in laifuka (ACJA) ta 2015 da ya ba shi damar yin hakan ya saɓa wa tsarin mulki. Ina da shari'ar da ta kai gaɓar ƙarshe, ita ma haka ta koma farko. Malam mai tambaya, ku sa lauyanku ya nemi beli, ya nuna wa sabon alƙalin tsawon zaman da ƙaninka ya riga ya yi, ku kuma bi rajistara a sa muku rana, kada fayil ɗin ya kwanta.

Mai buɗe zance: Na gode Barista. Ranar Litinin zan same shi da maganar belin, in sha Allahu.