Kuɗin gida: harajin da Rimi ya soke ne ya dawo?

Kawu Sale: Salamu alaikum jama'a. Jiya wasu sun zo da littafi suna bin shagunan bakin titi, har gidan bulon ƙanena sun auna, wai za a yanka masa kuɗin gida. Ni dai na faɗa, haraji ne aka sauya wa riga. Gwamnan Kano Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a 1979, lokacin Jigawa tana cikin Kano. Da idona na ga an shanya magidanci a rana a ƙofar gidan dagaci don bai biya ba. Ba na fatan jikokina su ga haka.

Malam Habu: Wa alaikumus salam Kawu, Allah ya ƙara girma. Amma ba ɗaya ba ne. Haraji a kan mutum yake, duk baligi sai ya biya ko akuya ba shi da ita. Jangali kuwa na shanu ne. Wannan a kan gini yake. Tsarin mulkin 1999 ya ba ƙaramar hukuma aikin ƙiyasta gidaje, majalisar jiha ce ke tsara abin da za a karɓa.

Hajiya Laraba: To Malam, yaya ake lissafin?

Malam Habu: Mai ƙiyasi zai duba girman ginin, bulo ne ko laka, kwano ne ko azara, bakin titi yake ko lungu. Sai ya ce in aka ba da hayarsa zai kawo kaza a shekara. A cikin wannan ake cire kaso. Misali kawai nake bayarwa, ba ƙa'ida ba: shagon da hayarsa ta kai naira 200,000, in kason biyar cikin ɗari ne, 10,000 ke nan. Mai na 40,000 ya biya 2,000. Kin ga mai ƙarfi ya fi ɗaukar kaya.

Hajiya Laraba: A takarda ya yi kyau. Shago a kasuwar Gujungu kowa ya san hayarsa. Amma gidan gadonmu fa? Ɗaki shida na laka, rumbu biyu, turken awaki, magada goma sha ɗaya. Tun da aka kafa garin nan wa ya taɓa kama hayar irinsa? Daga ina zai samo kuɗin hayar, in ba daga kansa ba?

Kawu Sale: Yauwa Hajiya! Awon ma ai ba sabo ba ne. Zamanin Turawa malaman taki ke bin gonaki suna aunawa da ƙafa, a yanka wa mutum gwargwadon faɗin gonarsa. Kakanmu ya ce wanda ya kai wa malami zabi, sai gonarsa ta ƙanƙance a littafi.

Musbahu: Kawu, ni abin da ya ɗaure min kai, yayana a birni yana biyan kuɗin fili duk shekara. Biyu za a riƙa karɓa ke nan?

Malam Habu: Wancan daban ne Musbahu. Dokar filaye ta 1978 ta danƙa ƙasa a hannun gwamna, shi ya sa mai takardar mallaka ta jiha yake biyan hayar ƙasa. Legas ta haɗe hayar ƙasa da kuɗin gida wuri guda tun 2001. Maganar Hajiya kuwa ba ni da ja. In ba a san hayar gida ba, ƙiyasin ya zama son rai. Shi ya sa kada kowa ya miƙa sisi sai an ba shi takarda mai nuna ƙimar da aka yi wa gininsa da kason da aka ɗauka, sannan a ba shi rasit.

Kawu Sale: Ban sauka daga maganata ba tukuna. Bara na biya kuɗin shago, ko guntun rasit ban gani ba, kwatar gabana kuma tana nan a toshe.

Hajiya Laraba: To a tashi mutum uku su je sakatariya ranar Litinin, su nemi a nuna musu dokar da kason a rubuce. Malam Habu, kai za ka ja gaba.

Malam Habu: Na yarda, in Kawu zai zo.

Kawu Sale: Zan zo in sha Allahu. Ku biyo ta gida bayan hantsi.