Sauke faifan taron Zoom da adana shi kafin kuɗin asusu ya ƙare

Sakataren Ƙungiya:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar masu sani a kan wani al'amari da ya taso mana. Ni ne sabon sakataren wata ƙungiyar malaman sakandare, kuma tun shekarar 2020, lokacin da kullen korona ya hana taruwa, muke gudanar da bitar wata-wata ta manhajar Zoom. Da aka buɗe gari ma ba mu daina ba, domin wasu mambobinmu suna koyarwa a ƙananan hukumomi masu nisa, kuɗin mota kuwa ya ninka kuɗin data. Ana naɗar kowace bita, sannan a tura wa waɗanda ba su samu halarta ba mahaɗin da za su kalla.

Asusun da ake biya wa kuɗi, da imel ɗin tsohon sakatare aka buɗe shi. Yanzu an yi masa canjin wurin aiki, ya kuma sanar da mu cewa ba zai sabunta biyan ba bayan ƙarshen wata mai zuwa. Akasarin faifan suna can a ma'ajiyar Zoom, wasu kuma suna cikin kwamfutarsa, amma da muka kwafo su a filashi sun ƙi buɗewa. Ta yaya za mu sauke na can ba tare da mun yi asara ba, ina ya dace mu ajiye su, kuma waɗanda suka ƙi buɗewa sun lalace ke nan?

Mai Gyaran Kwamfuta:

Wa alaikumus salam, Malam Sakatare. Zoom yana naɗa ne ta hanya biyu, kuma kun haɗa duka biyun. Akwai naɗin da ke zama a kwamfutar wanda ya danna maɓallin, wanda ko mai asusun kyauta yana iya yi, akwai kuma wanda ke tafiya ma'ajiyar kamfanin a intanet, wanda sai mai biya. Wannan na biyu a rataye yake da biyan kuɗin, saboda haka kada ku ɗauke shi rumbun ajiya, kada kuma ku bari sai makon ƙarshe.

Kafin a taɓa komai, a roƙi tsohon sakataren ya shiga shafin bayanansa na Zoom ya mayar da imel ɗin shiga zuwa na ƙungiya. Idan ya yi haka, asusun da duk abin da ke ciki ya dawo hannunku, sai ku yanke shawarar ci gaba da biya ko dainawa cikin natsuwa. Wannan shi ne rabin maganin.

Saukewar kanta, a kwamfuta za a yi ta, ta burauza. A shiga zoom.us, a buɗe sashen Recordings, za a ga jerin tarukan da ranakunsu. Kowane taro yana da fayil fiye da ɗaya: bidiyo a tsarin MP4, sauti zalla a tsarin M4A, da kuma ɗan fayil na rubutu mai ɗauke da saƙonnin da mahalarta suka rubuta. A bisa ƙiyasin kamfanin, awa guda ta bidiyo tana cin kimanin megabait 200, idan kuwa allon kwamfuta kawai aka nuna, ba ta wuce kimanin 20 ba. Da wannan za ku lissafa datar da za ku saya. Ku riƙa saukewa ɗaya bayan ɗaya, idan da hali da daddare lokacin da layi ya yi sauƙi, kuma duk wanda ya sauka a buɗe shi a ja zuwa mintunan ƙarshe a tabbatar ya kai. Na sha karɓar fayil mai suna daidai, girma kusan daidai, amma ya tsinke a tsakiya saboda sabis ya ɗauke. Sai an tabbatar sannan a goge na can. Ko an goge bisa kuskure, yana zama a kwandon shara na kwana 30 kafin ya tafi gaba ɗaya.

Za ku ga sunan fayil yana farawa da GMT da jerin lambobi. Kwanan wata ne da lokacin da aka fara naɗa, amma agogon GMT yana bayan na Najeriya da awa guda, kada hakan ya ruɗe ku wajen daidaitawa da littafin rahoton taro. Ku sake musu suna nan take: shekara, wata, rana, sannan maudu'i, misali 2023-04-15 Koyar da lissafi a aji ɗaya. Idan aka sa shekara a gaba, kwamfuta da kanta za ta jera su bi da bi.

Waɗanda suka ƙi buɗewa kuwa, ina kyautata zaton ba su lalace ba. Idan aka naɗa a kwamfuta, sai an rufe taro sannan manhajar take juya ɗanyen naɗin zuwa MP4, kuma idan aka ɗauke wuta ko aka rufe kwamfutar cikin gaggawa, aikin yakan tsaya. A duba foldar Zoom da ke cikin Documents. Idan sunan fayil ɗin ya fara da double_click_to_convert, kada a canza masa suna, kada a raba shi da sauran fayilolin da ke foldar. A danna shi sau biyu a kwamfutar da ke da manhajar Zoom, a jona caji, a ba shi lokaci.

Malamar Islamiyya:

Allah ya saka da alheri, Malam, bayanin ya gamsar. Abin da zan ƙara ya shafi rabawa, domin mu ma muna karatun mata ta wannan hanya. Mun lura cewa mafi yawan ɗalibai ba sa kallon bidiyon, saurare suke yi suna aikin gida, kuma fuskokin mutane ashirin a ƙananan akwatuna ba su ƙara wa darasi komai ba. Saboda haka sautin M4A muke turawa, wanda bai kai rabin nauyin bidiyon ba, kuma kowace waya tana buɗe shi. Bidiyo sai a ranar da malami ya nuna wani abu a allo, kamar jadawali ko taswira.

Idan dole sai bidiyon, manhajar HandBrake kyauta ce, tana rage nauyinsa sosai ba tare da rubutun allo ya dushe ba. WhatsApp yana karɓar fayil har gigabait 2 idan a matsayin takarda aka tura shi, Telegram ma haka, sai dai Telegram ya fi dacewa da ajiya tun da saƙonni a ma'ajiyarsa suke zama, wanda ya canza waya zai tarar da su. Amma ni ban yarda a dogara da zauren hira shi kaɗai ba. A ajiye kwafi ɗaya a faifan ajiya na waje a hannun sakatare, ɗaya kuma a Google Drive na ƙungiya. A kula, gigabait 15 ɗin da Google ke bayarwa kyauta, da Gmail ake raba shi. Ranar da faifai suka cika shi, wasiƙu za su daina shigowa, mutane su yi ta cewa sun turo alhali ba a ga komai ba.

Ma'aikacin Adana Bayanai:

Ranku ya daɗe, ina da ɗan saɓani da yadda aka ɗauki maganar. Kowa yana bayanin yadda za a ceto faifan duka, babu wanda ya tambaya ko duka ne ya cancanci ceto. Bitar koyarwa daban, zaman da aka tattauna bashin mamba ko aka ladabtar da wani daban. Irin wannan zaman, da zarar an rubuta rahotonsa an amince da shi, ajiye muryoyin mutane shekara da shekaru ba shi da wani amfani sai ranar da zai faɗa hannun da bai dace ba. Murya da fuska bayanan mutum ne a ƙarƙashin Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023, kuma wanda ya yarda a naɗe shi domin abokan aikinsa su saurara bai yarda a ɗora shi a YouTube ba. Ko an ɓoye bidiyon daga masu bincike, duk wanda ya samu mahaɗin zai kalla, zai kuma iya tura wa wani. Haka nan ɗan fayil ɗin rubutun nan da ake rainawa, a cikinsa mutane suke zuba lambobin waya da na asusun banki. Sannan a yanke farkon naɗin, inda ake gaisawa ana hirar gida kafin shugaba ya buɗe taro.

Shawarata ita ce kwamitin gudanarwa ya rubuta ƙa'ida a taƙaice: wane taro ake naɗa, wa ke riƙe da kalmar sirri, tsawon wane lokaci ake ajiyewa. Kada kuma ku zaci komawa wata manhaja zai raba ku da wannan aiki. Microsoft Teams yana ajiye naɗi a OneDrive, wato ma'ajiyar Microsoft a intanet, na wanda ya kira taron, ko a SharePoint, ma'ajiyar da ƙungiya ke tarayya a kai, idan a zauren ƙungiya na Teams aka yi taron, kuma a tsarinsa na asali naɗin yana ƙarewa bayan kwana 120 sai in an tsawaita. Google Meet kuma a Drive ɗin wanda ya kira taron yake ajiyewa, wato idan da asusun mutum ɗaya aka kira, matsalarku ta yau za ta sake dawowa.

Sakataren Ƙungiya:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara sani. Tsohon sakataren ya amince da mayar da imel ɗin, fayilolin da suka ƙi buɗewa kuma duka sun juyu in ban da guda ɗaya da ya tsaya a hanya. Maganar ƙa'idar ajiya zan gabatar da ita a zaman kwamiti. Idan muka koma asusun kyauta, za mu iya ci gaba da naɗa kuwa?

Mai Gyaran Kwamfuta:

Za ku iya, amma a kwamfuta kaɗai, domin waya ba ta naɗa a asusun kyauta, kuma taron zai riƙa yankewa bayan minti 40, ta yadda bita ɗaya za ta fito gunduwa biyu ko uku da sai an haɗa. Wanda ya tsaya a hanya kuma, a duba ko akwai isasshen wuri a kwamfutar, a kwafi foldar gaba ɗaya a gwada a wata.